Abin da Ya Tsiro a Kangon Kafinta

Duk sanin da Kafinta ya yi wa itace, bayan an sare shi ne. Ka miƙa masa katako, ya shafa, ya shinshina, ya faɗa maka ko zai yi ƙofa ko kuwa kujerar da ba za ta ga baɗi ba. Amma itacen da ke tsaye da ransa, a wurinsa ko dai inuwa ce, ko katakon da lokacinsa bai yi ba.

Gidansa da shagonsa a haɗe suke, bango ɗaya ya raba su. Ranar da wayar wuta ta yi tartsatsi a kan tarin garin katako, shi yana can wurin sayen kaya, matarsa ta fita unguwa, 'yarsa Auta ce kaɗai a ɗaki tana barcin zazzaɓi. An fito da ita da rai. Wutar ta ci mata kunnen hagu da kumatu da wuya har zuwa kafaɗa, ta bar ɗaya gefen lafiya lau, kamar da gangan, don mai kallo ya san abin da aka rasa.

Ba shi da halin sake gini, sai suka koma gidan yayarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo. Ta ba su ɗakin baya, inda a da take ajiye tarkace, kuma ba ta bari rana ta faɗi ba ta tuna musu da hakan ba. Kafin a sallamo Auta daga asibiti, Kafinta ya gyara ƙofar ɗakin da hannunsa, ya kuma cire madubin da ke jikin kabad ya kai shagon da ya kama haya. Ya ɗauka ya yi dabara. Bai san cewa idon Gwaggo ya fi kowane madubi faɗin gaskiya da mugunta ba.

"Ke, juya min wancan gefen," in ji Gwaggo a ranar farko da suka zauna cin abinci tare. "Ci nake yi."

Kafinta yana wurin, da loma a hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya kai lomar baki. Daga baya ya leƙa ɗaki ya ce wa 'yar, "Wasa take yi miki, kin san halin Gwaggonki."

Auta ba ta sake fitowa cin abinci ba. Ta bar makaranta, ta bar tsakar gida, ta bar bakin taga. Likita ya ce fata ta warke, abin da ya rage shi ne ta shiga mutane. Wannan magana ita ce ta zauna wa Kafinta a ƙirji. Mutumin da bai taɓa ɓata katako ba ya koma ya auna, ya sake aunawa, ya yanka ba daidai ba. Kullum da ya dawo, tambayarsa ɗaya ce ga matarsa: ta fito? Matar ta girgiza kai, ta ci gaba da abin da take yi.

Wata safiya bayan an yi ruwa, aka duba ɗaki ba Auta. Kafinta ya zaga asibiti, ya zaga bakin gada, ya leƙa har rijiyar maƙwabta. A ƙarshe ƙafarsa ta kai shi inda ya daɗe yana kauce wa, kangon gidansa. Ga ta nan tsugune a kan simintin tsohon shago, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baba, zo ka gani," in ji ta.

Tun gobarar ba ta taɓa fara yi masa magana ba. Ya matso a hankali kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Abin da ta nuna masa bai kai a nuna ba: wani kore-kore ne manne a jikin baƙin bulo, irin wanda ake kankarewa a banɗaki.

"Gansakuka ce," in ji shi.

"Ita ce ta fara zuwa. Ba ta buƙatar ƙasa, jikin bulo ya ishe ta. In ta bushe sai ta zama ɗan gari a cikin tsaga, sai ciyawa ta samu wurin kama saiwa. Duba can."

Ya duba. A cikin tsagar siminti wasu siraran ciyayi sun leƙo.

"Wa ya gaya miki?"

"An taɓa yi mana a aji. Ban yarda ba a lokacin."

Daga ranar, kullum sai ta je. Takan fita da sassafe ta bi ta lungun baya, ta dawo kafin layi ya cika. Damina ta wuce, wata ta zo, wata ta biyo ta, kangon yana canja kaya. Ciyawa ta rufe toka. Ƙarangiya ta zo ta kama ƙafar duk wanda ya ratsa, sai mutane suka daina ratsawa. Tumfafiya ta tsaya a inda murhu yake a da. Sannan a tsakar gidan, inda ƙasa take ba siminti, ƙaya ta tashi, ta yi rassa, ta sarƙe da juna har ta fi tsayin mutum. Tsuntsaye suka samu wurin kwana. Ganye ya yi ta zuba yana ruɓewa a ƙarƙashi, ƙasar da wuta ta mayar kamar tukunya ta koma baƙa mai laushi, kana tona ta da yatsa ka ga tsutsar tana. Auta ta yi wa kanta 'yar siririyar hanya ta bayan ƙayar, ta riƙa zama a kan guntun bangon tsohon ɗakinta. Daga titi ba mai ganinta.

Ta fara cin abinci sosai. Ta fara yi wa uwarta surutu. Wata rana Kafinta ya ji ta yi dariya, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa har ta gama.

A cikin damina ta ƙarshe ta ja shi ta cikin 'yar hanyar, ƙaya tana yagar masa riga, ta nuna masa wani ɗan tsiro a can tsakiyar duhu. Bai wuce gwiwarta ba, siriri, da ganye masu sheƙi jere biyu-biyu. Wannan kam ya gane shi, don akwai babbar bishiyar irinsa a ƙarshen layi, kuma ya daɗe yana yi mata kallon alluna.

"Maɗaci ne," in ji shi, muryarsa ta canja. "Kin san me ake yi da wannan? Gadon da jika zai gada."

"Iska ce ta kawo irin, ƙayar ta tare shi. Da ba ita, da ya wuce. Ita ce ke ba shi inuwa, ita ce ke korar awaki. In ya girma shi zai rufe ta, sai ta mutu da kanta."

"Ƙaya ba ta kawo komai sai ciwo," in ji Kafinta yana tsotsar yatsa.

Ta yi murmushi da gefen da ke iya murmushi. Ta tsaya kusa da tsiron, ta ɗora hannu a kafaɗarta, mai tabon. "In ya kai nan, zan koma makaranta."

Ba ta faɗa da ƙarfi ba, ba ta kuma maimaita ba. Amma Kafinta ya ɗauki maganar ya kai gida, ya gaya wa matarsa a ɓoye, matar ta ciro tsofaffin kayan makarantar daga ƙasan akwati, ta warware ɗinkin ƙasa ta ƙara musu tsawo. Shi kuwa ya tsiri wata sabuwar ɗabi'a. In ya taso daga aiki, sai ya ratsa kangon, ya zaro tef ɗinsa daga aljihu ya auna tsiron. Mako ya zagayo, ya sake aunawa. Wata guda cur, abin bai ƙaru da faɗin yatsa biyu ba. Ya tsaya ya yi lissafi a ka, daga gwiwa zuwa kafaɗa. Kafin nan sa'o'inta sun gama makarantar sun yi gaba. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ƙayar, ko zaren rana ba ya ratsowa. A shago, in ɓaragurbin katako ya danne mai kyau, ɗauke shi ake yi a jefar.

Gwaggo ce ta ƙarasa masa tunanin. Ta tare shi a tsakar gida, ta ɗaga murya yadda za ta kai ɗakin baya.

"Kai, ɗan'uwana, kana da kunne kuwa? Yarinya ta zama budurwa, kullum tana cikin kango tsakanin ƙaya. Layi ya rabu biyu. Wasu na cewa da aljanu take hira, wasu na cewa da namiji."

"Haba Yaya."

"Ni dai na kare muku mutunci. Na ce musu aljanu ne. Wane namiji ne zai shiga ƙaya saboda wannan fuskar?"

Ta yi dariya har da tafa cinya. Kafinta ya ji bakinsa ya motsa shi ma, irin 'yar dariyar da mai zaman aro ke yi wa mai gida. Labulen ɗakin baya ya ɗan girgiza, sannan ya tsaya.

Mai Shago, wanda ke da kanti daura da kangon, shi ma ya sa baki. Ya ce ɓeraye sun dame shi, ya ce an ga maciji, ya ce in Kafinta ba zai iya gini ba, ai sharar fili ba ta fi ƙarfinsa ba. "Ka buɗe wurin kowa ya ga abin da yarinyar take yi, bakin mutane ya mutu."

Ranar da uwar ta kai Auta asibiti a duba fata, Kafinta bai buɗe shago ba. Ya ɗauki adda da manjagara da tsintsiya, ya loda ragowar katako mai kyau a baro. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, yana ta ayyana fuskar Auta in ta gani. Ya sare ƙayar tun daga gindi, tana kama shi yana fizgewa, har hannuwansa suka yi jina-jina. Tsuntsaye suka tashi suna zagaye a sama suna kuka. Ya tuge tumfafiya, ya kankare ƙarangiya. Ya ja ruɓaɓɓen ganyen da manjagara, ya bi da tsintsiya, ya share har sai da ya kai ga tauri, fili ya yi fes kamar daɓen shago ranar da za a kawo babban aiki. A tsakiya ɗan maɗacin ya tsaya shi kaɗai, rana na dukansa ta ko'ina. Ya kewaye shi da shinge na katako, ya goge, ya shafa fenti. Ya haɗa benci mai jingina ya ajiye yana fuskantar titi.

Saura tarin ƙaya, ya kusa kai tsayin bango, ba baron da zai ɗauke shi. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa sharar shago kowane ƙarshen mako: ya tura garin katako a ƙarƙashi, ya ƙyasta ashana. Ya ce kafin su dawo ta cinye.

Ɗanyar ƙaya ba ta ci da sauri. Hayaƙi ta yi, fari, mai kauri, ya turnuƙe sama da kangon. Mutanen layin suka ga hayaƙi a gidan da suka taɓa ganin hayaƙi, suka fito da bokitai, mata da yara da masu wucewa. Da suka ga shara ce aka ƙona, sai suka ajiye bokitan suka tsaya kallo. Asibiti kuwa ranar ba cunkoso, aka sallami Auta da uwarta da wuri.

Auta ta shigo ta lungun baya kamar kullum, uwarta na bin ta. Ta fito daga kwanar bango tana tsammanin ƙaya, sai ta samu kanta a tsakiyar fili, gaban jama'a, hayaƙi ya bugi hancinta. Ta tsaya cak. Sai ta durƙushe, ta kare kai da hannu biyu, wata ƙara na fita daga maƙogwaronta wadda ba kuka ba ce. Mayafin ya zame ya faɗi ƙasa.

Idanu duk suka sauka a kanta. Shekaru ana jin labarin fuskar, ba a gani ba.

"Ashe haka abin ya yi muni," in ji wata mata, ba ta ko rage murya ba.

Wani yaro ya ɓuya a bayan uwarsa, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Wani saurayi ya ɗaga waya. Mai Shago ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Da na sani da na haƙura da ɓerayen."

Kafinta ya tsaya da manjagara a hannu, jini na bushewa a yatsunsa. Duk maganar da ya tanada ta gudu, sai guda ɗaya.

"Auta, duba. Na yi miki benci."

Uwar ce ta ɗauki mayafin ta rufe ta. Da hayaƙin ya ɗan karkata, Auta ta ɗago. Ba ta dubi mutanen ba, ba ta dubi bencin ba. Ta dubi ɗan maɗacin. Ganyen da ke gefen wutar sun riga sun naɗe, sun yi launin tsatsa.

"A nan ne kaɗai ba a ganina, Baba," in ji ta.

Uwar ta ɗaga ta, suka bi ta tsakiyar mutane, don 'yan kallo sun riga sun tare har bakin lungun.

Shingen bai yi kwanaki ba aka ɓalle shi aka tafi da shi. Katako mai kyau ne, kuma an shafa masa fenti. Duk tsawon zaman da ƙayar ta yi a wurin, ba wanda ya taɓa satar reshe ɗaya. Bencin ya bi bayan shingen. Kafinta ya yi ta ɗibar ruwa yana zuba wa tsiron, ruwan yana gangarewa a kan tauri ba ya shiga. Rana ta ƙona abin da wuta ta bari, awaki suka zo suka ƙarasa, suka bar tsinke tsaye. Ya auna tsinken, bai san dalili ba.

Sai ya shiga neman ƙaya. Ya riƙa bin bakin hanya bayan gari da diga, yana tono ƙanana yana kawowa a baro, yana dasawa a inda ya sare. Ƙasar ta ƙi karɓa. Ba ruɓaɓɓen ganye, ba tana, ba laima, duk ya share su da hannunsa. Ya dasa, ta bushe. Ya sake dasawa, ta sake bushewa. Mai Shago ya samu abin nishaɗi, in ya hango shi da bokiti sai ya kira masu sayayya. "Ku zo ku ga mai lambu. Malam, in ta nuna a ajiye min kwando ɗaya."

A gida Gwaggo ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. "Ka ga yanzu ta natsu," in ji ta. "Mun samu 'yar ta zauna, sai uban ya karɓi aikin." Matarsa kuwa ta daina girgiza masa kai in ya dawo, don ya daina tambaya. Tana ajiye masa abinci ta koma ɗaki wurin 'yarta, shi ya kwana a zaure. Wata rana ya ga Gwaggo tana goge daɓe da wani tsumma, ya gane ɗinkin da aka ƙara a ƙasan rigar makaranta.

Da ruwa ya sake sauka, ya je kangon da sassafe don ya tuge matattun da ya dasa. A jikin bulon da wutarsa ta baƙanta, ya ga kore-kore. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. A bakin tokar kuma wasu siraran ciyayi sun leƙo, ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ba su ruwa. Ya bar baron a nan, ya taho gida da sassarfa, mutum mai furfura yana tsallake kwata kamar yaro.

Ƙofar ɗakin baya a ɗan buɗe take. Auta na zaune a bakin katifa, ta ba ƙofa baya, ta rame har ƙashin kafaɗarta ya fito ta cikin riga.

"Auta, ta dawo. Gansakukar nan. Har da ciyawa."

"Na sani."

"Ya aka yi kika sani?"

"An yi ruwa."

Ya dafa ƙofar yana haki. "Ki zo ki gani. Mu bi ta lungu, yanzu ba kowa a layi."

"Bayan ciyawa sai ƙarangiya," in ji ta, kamar mai karanta abin da ke rubuce a bango. "Sai tumfafiya. Sai ƙaya, in ƙasar ta yi laushi. Sai ta yi tsawo, sai iska ta ga dama ta kawo iri, sai ya faɗa daidai. Ba a tsallake ko ɗaya. Ka gwada ai."

"Zan jira. Zan tsare wurin, ba wanda zai taɓa shi."

"Ba tsaro yake so ba, Baba. A ƙyale shi yake so. Kai kuma ba ka iya ba."

Daga tsakar gida muryar Gwaggo ta taso tana tambayar wa ya shigo mata da laka a ƙafa.

"Makarantar fa?" in ji shi a ƙarshe, a hankali.

Ta ɗan juyo, ta ba shi gefen da wuta ta ci, ta bar shi ya kalla sosai.

"Ka ja min ƙofar in za ka fita."

Ya ja. Shi ya gyara ƙofar, shi ya daidaita ta, ya goge bakinta har ba inda take kamawa. Ta rufu ba tare da ƙara ba.